Dubai zuwa Guangzhou: tikitin kai-tsaye ko mai yada zango?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. Zai tashi daga Dubai zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin domin baje kolin Canton, sai ya ga jirgin kai-tsaye yana tashi ƙarfe 10 na safe, ya sauka 10 na dare. Ya ce tunda awa 12 zai yi a sama, ko ba gara ya yanki mai rahusa da ke yada zango a hanya ba?

Alhaji, ba awa 12 ba ce. Lokacin da ake rubutawa a tikiti na agogon garin da aka tashi ne da na garin da za a sauka, kuma agogon Guangzhou yana gaban na Dubai da awa 4. Ka cire su, saura awa 8. Tazarar garuruwan biyu kusan kilomita 5,800 ce, jirgin fasinja kuwa yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama, wato kusan awa 6 da rabi zuwa 7 ke nan. Ragowar lokacin yana tafiya ne a hawa da sauka, da jiran layi a titin jirgi, da kauce wa sararin da ba a yarda a ratsa ba. A dawowa za ka ga an ɗan ƙara lokaci, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tana tura mai zuwa Sin, tana tare mai komowa.

To, ga inda kuɗinka yake. Baje kolin nan ana buɗe shi 15 ga Afrilu da 15 ga Oktoba, kashi uku ake yinsa, kowane kashi kwana 5 da irin hajarsa. Wanda ya rasa yini guda a ciki ya rasa ɗaya bisa biyar na abin da ya kai shi. Ka zauna da biro da takarda, ka rubuta rangwamen da mai zangon ya ba ka a gefe guda. A ɗaya gefen ka sa abincin filin jirgi, da ɗakin kwana idan jiran ya kai dare, da yinin da za ka shiga rumfuna da jan ido kana ciniki cikin gyangyaɗi. Sau da yawa a nan rahusar take ƙarewa.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne tikiti biyu daban-daban da aka haɗa maka don su yi araha. Idan jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da kai, sabon tikiti za ka saya, kuma kayanka kai za ka ɗauko ka sake aunawa. In dole sai mai zangon, ka tabbata lambar ajiya (wato lambar da ake ba ka idan ka yanki tikiti) ɗaya ce tun daga Dubai har Guangzhou, ka duba kilo nawa aka yarje maka a dawowa saboda samfuran da za ka kwaso.

Ni dai da ni ne, kai-tsaye zan yanka, in sauka kwana ɗaya kafin a buɗe kashin da hajata take ciki.