Hannun ƙofar wanet ya sake karyewa: na wakala, na tijari ko na tashlihi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tuƙa wanet ɗin maigidana, wato a-kori-kura, Hilux ƙirar 2003, da ita nake ɗauko kayan gwari daga halagar Ka'akiyya, wato kasuwar gwari ta Makka, kullum bayan Asuba. Hannun ƙofar direba na waje ya karye karo na biyu a shekarar nan. Wanda na sa kwanakin baya na tijari ne, wato wanda ba na kamfanin motar ba, ko wata huɗu bai rufa ba. Yanzu sai na zagaya ta ɗaya ƙofar nake shiga. Maigida ya ce in tafi tashlihi, inda ake kwance matattun motoci ana sayar da kayansu, in samo na gwanjo. Wanne zan saya? Daga wani direba a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, tuna yadda ƙofar take buɗewa kafin hannun ya karye. Da yatsu biyu take buɗewa, ko sai ka fizga? Ina kyautata zaton fizga kake yi, don hannu ba ya karyewa sau biyu a shekara haka kawai. Aikinsa kawai ya tura wani siririn ƙarfe da ke cikin ƙofa, ƙarfen ya saki sakata. Idan sakatar ta cije, duk ƙarfin damtsenka a kan ɗan guntun roba yake sauka, robar da ta sha ranar Makka, inda zafi kan haura digiri 45 a bazara.

Na taɓa kwance sakatar wata tsohuwar Datsun da ta shekara ashirin ba a buɗe cikin ƙofarta ba. Giris ɗin da ke ciki ya haɗe da ƙura ya daskare kamar busasshen ƙuli-ƙuli, sai da na riƙa kankare shi da bakin sukudireba. Bayan an wanke an sa sabon giris, ƙaramin yaro ma yana buɗe ƙofar. Saboda haka ka fara da sakata: a feshe ta da maganin wanke tsatsa, a goge, a shafa mata farin giris. Ka kuma ɗaga ƙofar sama da hannu tana buɗe. In ka ji tana wasa, to hinjin ya ci, ƙofar ta sauka, sakatar ba ta haɗuwa daidai da ƙarfen da take kamawa. Wannan aikin bakanike ne a sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota.

Sai maganar saye. Ga ƙofar direba, wadda kake ja sau barkatai a rana, ni dai na wakala zan ce maka, wato na asali daga wakilin kamfani. Kayan Toyota na asali a Saudiyya ta hannun Abdul Latif Jameel suke shigowa, shi ne wakilinsu tun 1955, kuma shagunan kayan gyara da yawa suna sayar da su cikin kwalinsu. Ka tafi da istimara, wato takardar rajistar motar, don su duba da lambar shasi. Ya fi tsada, babu shakka, amma ka riga ka biya kuɗin na tijari da ladan ɗaura shi, ga shi za ka sake biya. Na tijari ma ba duka ne ɗaya ba, wanda ake yi a Taiwan galibi ya fi mai arhar nan ƙwari, kuma ya isa ga ƙofofin da ba a yawan taɓawa.

Shawarar maigidanka kuwa, ka gaya masa cikin ladabi cewa tashlihi wurin ƙarfe ne. Sakata, hinji, ƙarfen ɗaga gilashi, ko ƙofa sukutum, duk za ka samu masu kyau a can. Amma hannun roba da aka ciro daga motar da ta yi shekaru tana gasuwa a fili sa'an naka ne, rana ɗaya suka sha.

Ko ina za ka saya, ka riƙe tsohon a hannu a gwada. Na dama daban da na hagu, na gaba daban da na baya. Ka sayi 'yan robobin nan da ke riƙe siririn ƙarfen, da na marfin cikin ƙofa, domin da wuya a kwance tsohuwar mota wasu ba su fashe ba.

Tambaya: Malam, zan iya ɗaurawa da kaina? Kuma mabuɗina zai canza? Daga wani matashi a Jidda.

Amsa: Za ka iya, ɗana, in kana da haƙuri. Ka ɗaga gilashi har ƙarshe tukuna. Idan na murɗawa ne, akwai wata 'yar waya mai kamar kofaton doki a bayan abin murɗawar. Ka zura tsumma ka ja shi gefe da gefe, za ta fito, amma ka tare ta da tafin hannu don tsalle take yi ta ɓace. Ka cire marfin ciki, ka ɗaye ledar da ke bayansa a hankali ba tare da ka yaga ta ba, ita ke hana ƙura da ruwa. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai. Galibi noti biyu ne masu lamba 10 ke riƙe hannun. Mabuɗi ba zai canza ba: in gidansa a jikin hannun yake, ka ciro tsohon ka mayar cikin sabon. Kada ka rufe ƙofar sai ka gwada: tana buɗe, ka danna sakatar da sukudireba har ta kama, sannan ka ja hannun waje da na ciki ka ga sun sake ta. Wanda ya rufe ƙofa ƙarfen bai shiga ba, ya sayi wahalar yini guda.

Tambaya: Hannun ciki ne ya karye a motar mijina, ya ɗaura waya yana ja. Ya ce ba gaggawa. Haka ne? Daga wata uwargida a Madina.

Amsa: Hajiya, da gaskiyarki, wannan ya fi na waje gaggawa. Na waje shiga yake hana mutum, na ciki kuwa fita. In hatsari ya auku, ko wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, babu mai natsuwar lalubar waya, balle in yara ne a kujerar. Hannun ciki na daga cikin mafi arhar kayan motar, kuma a yawancin tsofaffin wanet sukuru ɗaya ko biyu ne ke riƙe shi. Ki roƙi Alhaji ya tsaya a sina'iyya cikin makon nan, ya sa bakaniken ya shafa wa sakatar giris tun da an riga an buɗe ƙofar.