Kafin a Sa Guduma a Tsohon Silin

Tambaya: Maigida, tsohon gidan nan da za mu yi wa POP, mun zo da leburori za mu sauke silin ka ce kada wanda ya taɓa sai ka zagaya gidan tukuna. Mai gidan yana ta kira, so yake a gama kafin bikin 'yarsa. Silin asbesto ne dai irin wanda kowa ya sani. Me ake dubawa, kuma yaya zan gane mai cutarwa da ido? Habu.

Habu, bari in fara da ƙarshen tambayarka. Ba za ka gane shi da ido ba. Ni ma ba zan gane ba, injiniya ma haka. Abin da ido yake ba ka zato ne kawai. Allon silin mai ƙafa huɗu-huɗu da aka buga a 1978 da wanda aka buga bara, in an shafe su da farin fenti, da wuya ka raba su, kuma a kasuwa duka asbesto ake ce musu. Amma na da an kwaɓa simintinsa da zaren wani dutse da ake haƙowa daga ƙasa, wanda shi ne asbesto na ainihi, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, na yanzu kuwa yawanci zaren itace da na roba ne a ciki. Mai raba gardama shi ne ɗakin gwaji, inda ake sa ɗan ɓalli a ƙarƙashin madubin ƙara girma a ga zaren. In babu halin kaiwa can, ƙa'idar aikinmu ita ce ka ɗauka mai cutarwar ne, ka bi da shi a haka.

Zaren nan in yana kulle cikin siminti, allon kuma bai fashe ba, ba ya tashi ya bi kowa. Shi ya sa iyali za su shekara arba'in a ƙarƙashinsa lafiya lau. Ranar da muka shigo da guduma da zarto da injin yanka, ranar yake samun ƙofa. Ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ba ya wari, ba ya sa ka tari nan take, kuma yana iya yin sa'o'i yana yawo a iskar ɗaki bayan ƙurar da kake gani ta kwanta. In ya shige can cikin huhu ya maƙale, jiki ba ya iya narkar da shi. Wani sai huhunsa ya yi ta tabo har hawan tsani ya gagare shi. Wani sankarar huhu. Wani kuma sankarar fatar da ta lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesotiliyoma, ita kuwa ba a cika warkewa daga gare ta ba. Abin ba ya bayyana sai bayan shekara 20, 30, har 40. Kai da ba ka kai 25 ba, ka yi lissafin shekarun da zai same ka, da yaran da za su kasance a hannunka a lokacin.

Na san za ka ce ga tsofaffin kafintoci nan da suka yi ta yanka shi da zarto suna yawo garau. Gaskiya ne, ba kowa yake kamuwa ba. Amma waɗanda suka kamu ba ka ganinsu a bakin aiki, kuma a wajenmu in tsohon magini ya rasu da tari da haki sai a ce asma ce ko tarin fuka, ba mai tambayar irin silin da ya sauke a ƙuruciyarsa. A Ingila suna ƙirgawa. Sun hana shuɗin asbesto da mai ruwan ƙasa a 1985, farin kuma a 1999, amma har yanzu kusan mutum 5,000 yake kashewa duk shekara, da yawansu kafintoci ne da masu aikin famfo da masu wayarin lantarki, wato masu shiga tsohon gini su huda su fasa irinmu. Kuma don Allah ka daina biye wa leburori a kan cewa gwangwanin madara yana wanke ƙura. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu. Mai shan taba a cikinku shi ma ya sani, in taba ta haɗu da wannan ƙura haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake yi.

To, zagayen da na ce zan yi. Turawa sun raba shi gida biyu. Akwai na ginin da ake zaune a ciki ba za a taɓa komai ba, ana dai duba inda abin yake da halin da yake ciki. Akwai kuma na kafin gyara ko rushewa, wanda ya fi tsanani, domin sai an leƙa bayan abubuwa, an ɗaga, an buɗe, kuma ba a yin sa mutane na zaune a ɗakin. Namu na biyun ne. Shi kuwa sawun aikin yake bi. Don haka kafin in ɗauki tocila sai na zaunar da mai gida na ji duk abin da yake so a yi, ba silin kaɗai ba. Ina mai wayarin zai tsaga bango? Ina za a huda a sa na'urar sanyaya ɗaki? Za a fasa daɓe a sa tayil? Za a taɓa banɗaki? Duk inda hannun wani zai kai, sai idona ya riga shi zuwa. Sau da yawa mai gida ba ya ambatar rabin abin da ke ransa sai aiki ya yi nisa, saboda haka ka yi ta tambaya ko da zai ga ka cika surutu.

Sai shekarun ginin. A Ingila abin da sauƙi, duk ginin da aka yi kafin 2000 abin zargi ne. Mu ba mu da layi mai tsabta haka. An yi masana'antun kwanon rufi da silin na asbesto a Ikeja da Inugu da Sapele da Kano da Bauchi, kayansu kuma sun shiga ko'ina: kwatas na ma'aikata, gidajen GRA, barikoki, asibitoci, azuzuwan da aka yi ta ginawa lokacin UPE, shirin karatun firamare kyauta, daga 1976. Wannan zamanin duka ka sa masa alamar tambaya. Amma sabon gida ma bai tsira ba, domin mutanenmu ba sa yar da abu. Allon da aka cire daga tsohon ofis yakan ƙare a ɗakin baya na gidan da aka gina shekaranjiya. Ka tambayi mai gida, ka tambayi mai gadi, ka tambayi tsohon maƙwabci wa ya sake rufin kuma yaushe. Maƙwabci yakan fi takarda sani.

Ina farawa daga waje, daga sama zuwa ƙasa. Rufi tukuna: kwanon ƙarfe ne ko mai kaurin nan na siminti mai ruwan toka? In na simintin ne, daga kan tsani za ka duba, kada ka kuskura ka taka. In ya tsufa ɓurmawa yake yi ba gargaɗi, wannan kuwa ba sai an jira shekara 30 ba. Sai allunan da ke ƙarƙashin bakin rufi da na baranda, bututun iska na masai da ya hau bango, tsohon bututun ruwa mai kama da siminti, da tankin ruwa in irin na da ne.

A ciki, inda aka fi yaudarar mutum shi ne saman silin. Ka sa takunkumi, ka ɗaga 'yar ƙofar leƙa silin a hankali, ka sa kai da tocila kawai, kada ka hau ka yi rarrafe. Abu biyu nake nema. Na farko, ko akwai wani silin a saman wanda ake gani, domin masu sa silin roba sukan buga shi a ƙarƙashin tsohon su rufe, mai gida ya rantse maka babu asbesto a gidansa, kuma ba ƙarya yake yi ba, bai sani ba ne. Na biyu, gutsattsarin da masu gyaran baya suka bari a can. In an taɓa sauya rufi aka farfasa tsohon kwano, rabinsa yana nan kwance a saman silin cikin ƙura, jira yake ka ɓalle allo ɗaya ya zubo maka a fuska.

Ƙasa ma kada ka manta da ita, don nan ne kowa ke mantawa. Ɗaga kafet ko leda daga kusurwa. In ka ga ƙananan tayil na roba masu inci tara-tara, masu karyewa kamar biskit, a ƙarƙashinsu kuma baƙin gam mai kama da kwalta, to duka biyun abin zargi ne. Mai tayil zai so ya sa injin gurza ya share gam ɗin cikin awa ɗaya, kuma wannan awar ta fi sauke silin ɗin gaba ɗaya haɗari. Tsohon akwatin fis da allon da aka kafa shi a kai su ma ka rubuta su, ka bar wa mai lantarki ya kashe wuta kafin a buɗe.

Akwai wani iri da nake so ka riƙe da kyau, ko da ba za ka same shi a wannan gida ba. Shi ne mai laushi: wanda aka naɗe bututun tururi da tukunyar tururi da shi a tsofaffin masaƙu na Kakuri ko masana'antun Bompai da Sharaɗa, ko ɗakin wanki na tsohon asibiti, da farar igiyar da ke bakin ƙofar tanda ko jikin salansar babban janareta, da wanda aka fesa a jikin ƙarfe. Wani yakan kai kashi 85 cikin ɗari, kuma da yatsa ma yana marmashewa. In ka ci karo da shi, fita, ja ƙofa, kira ni. Wannan ba aikin kafinta ba ne, ko nawa aka ce za a ba ka.

Ɗaukar ɓallin gwaji kuwa, ga yadda nake yi. A fitar da kowa, a kashe fanka, a rufe taga. In shimfiɗa leda a ƙasa. In fesa wa wurin ruwa mai ɗan sabulu har ya jiƙu, domin sabulu yana sa ruwan ya ratsa. In nemi gefen da ya riga ya tsage, in sa jiƙaƙƙen ƙyalle a bakin filaya in ɓallo kamar faɗin farcen babban yatsa. Ba zarto, ba injin huda. In sa a leda mai zif, in sa ledar cikin wata, in rubuta ɗaki da wuri da kwanan wata. Bakin da na ɓalla in shafe shi da fenti ko gam. Kowane irin abu da nasa ɓallin, kuma in silin falo ya bambanta da na ɗakin kwana ko da a zane ne, to biyu ne, ba ɗaya ba.

Takunkumin da nake nufi shi ne mai lamba FFP3 ko mai matatar P3. Shuɗin nan na lokacin korona, ko hankici, ko naɗa rawani a hanci, duk kwantar da hankali ne kawai. Kuma ga wata magana da ba a son faɗa: takunkumi ba ya kama fuskar mai gemu, iska ta gefe take shiga. Ban ce kowa ya aske sunnarsa ba. Mai gemu ya riƙe littafi da kyamara daga waje, wani ya shiga.

Duk abin da muka gani sai ya hau takarda. Zanen gidan ko da na hannu ne, kowane ɗaki da lambarsa, me aka samu, allo nawa ne, lafiyayye ne ko fasasshe, an gwada ko zato ne, aikin zai taɓa shi ko a'a. Inda ba mu iya leƙawa ba mu rubuta cewa ba mu leƙa ba, kada wani ya ɗauka mun wanke wurin. Kwafi ɗaya na mai gida, ɗaya a manna a bakin ƙofa saboda mai famfo da mai wayarin da za su zo bayan mun tafi. Da wannan takarda nake yin farashi, shi ya sa ba na yanke kuɗin tsohon gida a waya.

Mai gida kuma ni zan yi masa magana, ba kai ba. Zan gaya masa abin da aikin bai shafa ba, kuma lafiyarsa ƙalau, a shafa masa fenti a bar shi, cire shi ya fi barinsa tayar da ƙura. Wanda dole a sauke, za a jiƙa shi, a zare ƙusoshi, a sauko da shi allo-allo a hannu, ba jifa ba. Ba tsintsiya, sai jiƙaƙƙen tsumma. Zai ƙara kwana biyu ko uku da ɗan kuɗin leda da takunkumi. Gidan da za a cika da mata da jarirai ranar biki, ban ga uban da zai ji bayani ya ce a bar masa ƙurar a labule da katifa ba.

Kayan aikinka kada su je gida. A 1960 wani likita mai suna Wagner ya bayyana mutum 33 masu sankarar mesotiliyoma a Afirka ta Kudu, kusan dukansu daga yankin da ake haƙar shuɗin asbesto, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa aiki a mahaƙar ba, zama kusa kawai suka yi. Daga baya an yi ta samun matan da suka kamu ta hanyar kakkaɓe rigunan mazajensu kafin wanki. Ka sa rigar leda ta yarwa a kan kayanka, in an tashi a jiƙa ta a cire a haɗa da sharar, ka wanke hannu da fuska kafin ka ci abinci.

Allunan da aka sauke za a naɗe su cikin leda mai kauri ninki biyu, a ɗaure, a rubuta a jiki. Za ka ga mutane sun zo roƙo, wannan zai yi akurkin kaji, wancan zai cike ramin ƙofar gida, yara kuma suna son gutsuren su yi zane a ƙasa. Kada ka ba kowa, kada ka sayar, kada a zuba a bolar unguwa, kada a sa wuta, domin ba ya ƙonewa, fashewa yake yi ya watsu. Zan tuntuɓi hukumar muhalli ta jiha su nuna inda za a binne, mu kuma mu rubuta wurin a takardarmu. Har motar ta zo, a jingine su a ɗakin da ke da makulli, makullin kuma a aljihunka.