Ga 'yarmu mai tambaya kan injin tafiya saboda Babanta

Salamu alaikum. 'Yata, da na karanta cewa Babanki ya fara jan ƙafa kuma kina tunanin saya masa injin tafiya a gida, wanda ake takawa a kan bel ɗinsa mai juyawa don motsa jiki, sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Shekara shida ke nan ina fama da Parkinson, ciwon nan mai sa rawar jiki da taurin gaɓoɓi, a nan Birnin Kebbi. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki.

Ki saya, yana taimakawa. Takuna ya ƙara faɗi, yanzu ina kaiwa masallaci ba a riƙe ni ba. Amma don Allah kada ki karɓi wanda babu igiyar nan da ake maƙalawa a riga, wadda in mutum ya zame take kashe injin. Ni na hannu na saya. Na tambayi mai shagon ina igiyar, ya ce wai ta masu gudu ce, tsoho mai tafiya a hankali ba ya buƙata. Ya liƙa wani ɗan maganaɗisu a gurbinta, ya karɓi kuɗina yana murmushi. Sati na uku, bayan la'asar, ƙafata ta manne kamar an zuba mata siminti, bel kuwa bai tsaya ba. Ya watsar da ni, haɓata ta daki ƙarfe. Ina kwance ina kiran uwargida, tana tsakar gida tana tankaɗe, amma kin san yadda ciwon nan ke cinye murya. Ba ta ji ba. Injin na ta juyawa kusa da kunnena, jini na ɗiga a tabarma, har jikana ya shigo neman silifas ɗinsa. Da na aika wa mutumin nan, cewa ya yi kayan da aka saya ba a mayarwa. Ko sannu. Na bar shi da Allah, amma har yau abin na ci mini rai.

Kada Baba ya hau shi kaɗai, ko sau ɗaya. Ya jira levodopa, ƙwayar maganin ciwon nan, ta kama jiki, ni kamar minti 45 bayan na sha. Kuma kada ya haɗa ta da nama ko wake a lokaci guda, suna rage mata ƙarfi. A kan injin na fara da minti 5, yanzu ina yin 20, da sassafe kafin zafinmu ya taso. Ki duba maƙamar gefe ta zama doguwa. NEPA ma abin tsoro ce, in suka ɗauke wuta injin tsayawa yake yi ba sallama.

Ki fara kai shi wajen 'yan fisiyo, masu koyar da motsa gaɓoɓi a asibiti, su ga tafiyarsa, a auna jininsa yana zaune da yana tsaye, don jirin miƙewa na kayar da mu. Masu cewa sammu ne kuwa, kada ki bari su shiga ɗakinsa. Shekara guda suka cinye mini ina shan rubutu da hayaƙi kafin na ga likita.