Jirgin ruwa, otal ko doguwar tafiya: wanne ya fi dacewa da hutun iyali?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ina da hutun kwana 10 a watan Disamba, kuma ina so in fita da maiɗakina, da yara biyu masu shekara 7 da 10, da mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Wani dillalin tafiye-tafiye ya nuna mini jirgin ruwan yawon shaƙatawa na mako guda a Bahar Rum, ya ce kuɗin tikiti ya haɗa da komai. Maiɗakina ta fi son mu sauka a otal a gari guda, ni kuwa raina na Maleshiya. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Malam, mu fara da maganar dillalin, domin "komai" ɗin nasa bai kai komai ba. Tikitin jirgin ruwa yana ɗauke da ɗakin kwana, da abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da wasanni, da wurin wasan yara. Ba ya ɗauke da jirgin sama daga Kano zuwa inda jirgin zai tashi, ba biza, ba inshora, ba intanet, ba lemon kwalba, ba yawon cikin garuruwan da za a tsaya. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja a kowane dare ba tare da an tambaye shi ba: kimanin yuro 12 ga babba a jiragen kamfanonin Turai, dala 16 zuwa 20 a na Amurka.

Mu ɗauka an ce maka yuro 700 ne kowane mutum. Ku biyar, yuro 3,500 ke nan, kuma ɗaki biyu za ku kama tunda yawancin ɗakuna ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu. Kuɗin hidima na dare 7, manya uku da yara biyu a rabin farashi, yuro 336. Bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, wato 360, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu. In kun bi yawon gari na kamfanin sau uku kacal a kan yuro 70 kowane kai, 1,050. An tashi 1,746, rabin kuɗin tikitin, alhali ba a taɓa maganar jirgin sama ba. Wannan jimlar ita za ka ajiye kusa da kuɗin otal, ba lambar da ke jikin talla ba.

Sai dai ga mai fasfon Najeriya, biza ce ke yanke hukunci tun kafin kuɗi. Sanannen zagayen yammacin Bahar Rum yana bi ta Barsalona, Marsai, Jenowa, tashar Roma, wani lokaci Palamo ko Malta. Duk suna cikin yankin Shengen, biza guda ta isa. Amma in jirgin zai leƙa Tunis ko Turkiyya ko da na yini ɗaya ne, an fita daga yankin, dawowar kuma shiga ce ta biyu. Wanda ke riƙe da biza mai shiga sau ɗaya, a bakin jirgi za a mayar da shi tun ranar farko. Kuma cewa "ai ba zan sauka a garin ba" ba lalle ta yi aiki ba, domin kamfanoni da yawa suna hana hawa ga duk wanda takardunsa ba su cika na kowace tasha ba. A nemi kamfanin jirgin, ba dillali ba, ya rubuto bizar da mai fasfon Najeriya ke buƙata a kowace tasha.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne jerin biya. Kamfanoni suna neman cikon kuɗi wata biyu zuwa uku kafin tafiya, kuma tarar fasawa tana hawa har ta cinye kuɗin duka a kwanakin ƙarshe. Hana biza ba uzuri ba ne a wurinsu. Otal kuwa ana samun wanda za a fasa kyauta saura kwana biyu. Don haka in jirgin ruwan za a bi, a biya kafin alƙalami kawai, a karɓi takardar shaidar kama ɗaki, a shigar da neman biza da wuri (ana karɓa tun wata 6 kafin tafiya) tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, sannan a cika kuɗi bayan fasfo ya dawo. Mutum biyar ne; hana ɗaya ya isa ya rusa tafiyar kowa.

Yanzu abin da za ku gani. Talla tana cewa "ƙasa huɗu a mako guda", mu kuwa awanni muke ƙirgawa. Jirgi yakan iso da safe wajen ƙarfe 8, ya tashi 5 ko 6 na yamma, kuma dole a koma ciki aƙalla minti 30 kafin tashi. Tashar da ake kira ta Roma a Cibitabekiya take, kimanin kilomita 80 daga birnin, fiye da awa guda a jirgin ƙasa, haka dawowa. Abin da zai rage muku a Roma awa huɗu ne ko biyar, da yara da dattijuwa. Kamar ɗanɗanon gishirin miya ne: ka san daɗinta, ba ka ƙoshi ba. In kun fita da kanku kun makara, jirgin ba ya jira, ku za ku nemi hanyar tarar da shi a tasha ta gaba da kuɗinku. Masu yawon kamfanin kaɗai ake jira, shi ya sa yake da tsada. Agogon da ake bi kuma na jirgi ne, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin da aka tsaya.

Wanda ya sayi tikitin jirgin ruwa, jirgin ya saya, garuruwan gyara ne. In an fahimci haka, alherinsa ga iyali irin naka ba ƙarami ba ne. Sau ɗaya za a kwance akwati. Hajiya za ta kwanta a gado guda ta farka a sabon gari, ranar da gwiwa ta motsa ta zauna a ciki, abinci na nan, likita na nan. Amma manyan jiragen sun haura mita 300 a tsawo, don haka a kama mata ɗaki a tsakiya kusa da lif, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda kaɗawar ruwa ta fi sauƙi. Gaba da can sama su ne suka fi jijjiga. A duba kuma ko akwai tashar da jirgi ke tsayawa nesa da gaɓa ana kwasar mutane a ƙananan jirage, domin taka matakala zuwa kwalekwalen da ke rawa ba aikin mai ciwon gwiwa ba ne. Asibitin jirgi na kuɗi ne mai tsada, kuma in ciwo ya yi tsanani a tasha mafi kusa za a sauke mara lafiya, saboda haka inshorar ta fito fili ta ambaci tafiyar teku da ɗauko mara lafiya. Magungunanta su kasance a jakar hannu, domin akwatuna sukan yi awanni kafin su iso ɗaki ranar farko. Idan maiɗakinka na da juna biyu, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar.

Akwai ƙananan abubuwa da dillali ba zai faɗa ba. Turaren wuta, kyandir, dutsen guga da butar dafa shayi ta lantarki duk ƙwacewa ake yi a ƙofa, saboda gobara ita ce babbar fargabar jirgi. Kilishi da dambun nama ba sa shiga ƙasashen Tarayyar Turai, tun a filin jirgin sama za a karɓe. Bayin ƙarami ne kuma galibi ba mesar tsarki, sai a sa ƙaramar butar roba a akwati. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kamfas ɗin waya kuma ƙarfen jirgi na ruɗa shi. Taswirar da talabijin ɗin ɗaki ke nunawa ta fi aminci, tunda tana nuna inda kan jirgin ya dosa. Naman halal sai an nema a rubuce makonni kafin tafiya, kuma ba kowane jirgi ke da shi ba, in babu sai kifi da ganye, a riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi. Mashaya da gidan caca suna tsakiyar jirgin, dole a ratsa su. A tsakiyar teku waya takan kama hanyar sadarwa ta tauraron ɗan Adam mai tsadar gaske, a kashe layi. Sayayya a ciki da katin ɗaki ake yi, wanda aka ɗaure da katin banki ko kuɗin ajiya, don haka a tabbatar katin yana aiki a waje kafin a bar gida.

Watan Disamba ma bai yi wa Bahar Rum daɗi ba: sanyi, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5, ruwan da ke gaban Marsai kuma yakan tashi in iskar arewa ta buso. Lokacin nan na Tekun Fasha ne, inda jirage suka saba zagaya Dubai, Abu Dhabi, Doha, Bahrain da Maskat daga kusan Nuwamba zuwa Maris, a ruwa mai kwanciya. Matsalarsa bizar ƙasa uku ko huɗu, da ta Daular Larabawa mai shiga fiye da sau ɗaya; ita ce ƙasar da ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022 ta dawo da ita a Yulin 2024, kuma sharuɗɗanta na sauyawa. Akwai kuma Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, mai abincin halal da masallaci, ba giya ba caca. A tuna dai tun bayan hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023, kamfanoni da dama sun soke ko sun sauya hanyoyin yankin, kuma sharuɗɗan tikiti sun ba su damar sauya tasha ba tare da biyan diyya ba.

Maleshiya ƙasa ce mai daɗin zama ga Musulmi, abinci da masallatai ba sai an yi cigiya ba. Kwanakinka ne suka yi kaɗan. Ba jirgi kai tsaye, sai an ya da zango a Doha ko Addis Ababa, tashi biyu masu tsawo, da zaman jira a tsakani. Kwana biyu sun tafi a zuwa da dawowa. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, jiki kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya daidaita in an yi gabas, yara su farka ƙarfe 2 na dare su yi barci da azahar. Ga Hajiya, dogon zama a jirgi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, sai ta ga likita a kan safar matsi, ta riƙa miƙewa duk bayan awa ɗaya ko biyu. A Disamba kuma damina ce a gaɓar gabas, yawancin otal-otal na tsibiran Redang da Perhentian a rufe suke, Langkawi da Penang ne ke da rana. A bar Maleshiya sai an samu mako biyu.

Shawararmu ta fi karkata ga ta maiɗakinka, da ɗan ƙari. Ku yi Masar: kimanin awa 4 daga Kano zuwa Alƙahira, biza guda, bambancin agogo awa ɗaya a Disamba. Dare 4 ko 5 a otal guda a Alƙahira, ku ga Azhar, kasuwar Khan Khalili da dalar Giza a tsanake, kowa ya huta ranar da ya gaji. Daga nan jirgin sama na kimanin awa guda zuwa Luksor, ku hau jirgin Kogin Nilu na dare 4 zuwa Aswan, mai tsayawa a Edfu da Kom Ombo. Wanda ya taso daga Aswan dare 3 yake yi saboda yana bin ruwa. Kogi ba ya da taguwar ruwa, ba jiri ba amai, kuma galibi kuɗin ya haɗa da abinci sau uku da ɗan rakiya, amma a tambaya a rubuce ko kuɗin shiga wuraren tarihi na ciki. Kun ɗanɗana zaman jirgi ke nan ba tare da jingina hutun a kan bizar Shengen biyar ba.

Jiragen Nilu ƙanana ne, ɗakuna 50 zuwa 70 a hawa huɗu ko biyar, kuma da yawa ba su da lif. A nemi mai lif, ko a kama wa Hajiya ɗaki a hawan da ƙofar shiga take. A bakin gaɓa ana jera su gefe da gefe, wani lokaci sai an ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin a taka ƙasa, don haka wani ya riƙe hannunta a kowace tsallakawa. Ana fita yawo da sassafe, kaburburan fir'aunoni da ke Kwarin Sarakuna kusa da Luksor kuma gangare ne mai tsawo, gara ta jira a rumfa. Ruwan gora kawai za a sha. Ƙarshen Disamba shi ne tsakiyar kakar baƙi a Luksor, farashi na hawa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara, saboda haka in makarantar yara ta tashi da wuri, ku kama jirgin kogin a farkon tafiyar ku bar Alƙahira a ƙarshe. Katin rigakafin shawara na kowa ya kasance tare da fasfo, fasfon kuma ya rage masa aƙalla wata 6.