Hukuncin ragon da aka aiko wa lauya bayan an ci shari'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ne a ofishin wani babban lauya a Wuse, Abuja, albashi nake karɓa. Mun ci shari'ar fili, sai mai filin ya aiko mini da rago da ambulan har gida, ya ce kada maigidana ya ji. Abokina ya ce riba ce. In riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Barista, aikinka wakilci ne, ladan wakili kuwa halal ne. Sayyidina Ali ma yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu wajen shari'a. Da ofishin naka ne, da na ce yanka ragonka.

Abokinka ya jingina da hadisin Abu Umama da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya sa baki don ɗan'uwansa, aka ba shi kyauta ya karɓa, ya shiga babbar ƙofar riba. Ban ga ya hau kanka ba. Mai alfarma ake nufi, wanda zai yi magana wurin hukuma da girmansa, abin da ake so a yi don Allah. Kai kuwa gumi ka yi, ka kwana kan takardu, ka sha jeka-ka-dawo ana ɗage zama. Da kyautar riba ce, da kuɗin aikin ma riba ne, kuma ba mai cewa haka. Ga shi malamin hadisi Ibnu Hajar ya ce akwai magana a isnadin hadisin, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi.

Abin da ya tsaya mini shi ne "kada maigidana ya ji". Kai ma'aikaci ne, ta ƙofar ofishin mai filin ya san ka. Tambayar da Annabi (SAW) ya yi game da Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka ya dawo yana cewa an ba shi kyauta, ita zan yi maka: da kana zaune gidan iyayenka, ragon zai zo? Ka gaya wa maigidanka. In ya bar maka, halal ne. In ya ƙi, ka mayar.

Ka kuma yi hattara, mai kyautar ɓoye yakan share fagen kawo maka ƙara ta bayan ofis. In ya ce akwai rabon magatakardan kotu a ambulan, wannan rashawa ce, kada hannunka ya kai ta. Lauyan gwamnati kam ya nesanci kyautar gaba ɗaya, Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa.

Wallahu a'alam.