Ga ɗalibin da darasin Darwin ya hana barci

Wa alaikumus salam, ɗana. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka ba ka: wani ya ce ka yawaita istigfari, wani ya ce ka canza kwas tun wuri. Istigfari ba ya ɓaci, sai dai ba shi ka tambaya ba. Ka ce kana aji biyu a jami'a kana karanta bayoloji, malaminku ya ce a ɗakin gwaji ba a kawo sunan Allah a matsayin amsa, kuma tun da kuka shiga babin Darwin na sauyin halittu zuciyarka ba ta kwanta ba. Kana so ka san yaushe kimiyya ta koma haka, kuma ko mai imani zai iya zama a cikinta. Na yi shekara 27 ina koyar da bayoloji a sakandare kafin in ajiye alli, kuma da allo na fara kafin boko. Wannan ƙaiƙayin ya kama ni ina kamar shekarunka.

Abu biyu ne aka cusa a buhu ɗaya. Motarka ta mutu a hanya, ka tura ta wajen bakanike, ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya ce maka ikon Allah ne. Bai yi ƙarya ba, amma gobe wani garejin za ka nema, domin so kake ya ce fulogi ne ko famfon mai. Ƙa'idar aiki ke nan: in ana neman sababi, sababi ake kawowa. Mai yiwuwa iyakar abin da malaminku yake nufi ke nan. Na biyun kuwa shi ne bakaniken ya rufe bonet ya ce tunda ya gano fulogi ne, to babu wanda ya ƙera motar, babu kuma inda za ta. Wannan aƙida ce, ba a taɓa ganin ta a madubin gwaji ba. Malamanmu suna kiran ta dahriyanci, kuma ba sabuwa ba ce. Duba aya ta 24 a Suratul Jasiya, masu cewa ba abin da ke halaka su sai zamani. Abin da ya faru a Turai shi ne ta biyun ta hau bayan ta farkon, har mutane suka daina bambance doki da mahayi.

Waɗanda suka aza harsashin ba dahriyawa ba ne. Newton, da ya fitar da lissafin tafiyar taurari a 1687, ya cika takardu da rubutun addini, kuma yana ganin tsarin rana da duniyoyinta hujja ce ta Mahalicci. Sai dai ya yi wani kuskure da ya kamata ka riƙe. Ya lura duniyoyin suna jan juna, ya ga kamar in an daɗe tsarin zai karkace, sai ya ce dole lokaci-lokaci Allah ya gyara shi. Wato inda lissafinsa ya tsaya, nan ya ajiye Ubangiji. Bayan kusan shekara 100, wani Bafaranshe, Laplace, ya nuna cewa karkacewar tana zagayowa ta gyara kanta. Ana ba da labari cewa Napoleon ya tambaye shi ina Allah a littafinsa, ya ce bai buƙaci wannan hasashen ba. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, gurbin da Newton ya nuna ya cike, masu kallo suka ɗauka an rage wa Allah wuri.

Haka aka yi ta yi. A 1828 wani Bajamushe, Wöhler, ya haɗa yuriya a kwalba, abin da a da sai a fitsarin mai rai ake samunsa. Yuriyar nan dai da manoma ke bin layi suna saya da damina. A 1802 wani limamin coci, Paley, ya kawo misalin agogo: in ka tsinci agogo a daji ka san akwai maƙeri, to ido ya fi agogo tsari. Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi a Cambridge, kuma ya burge shi ƙwarai. Shi ne kuma a 1859, bayan tafiyar shekara biyar a jirgin ruwa da shekara sama da 20 yana tara hujjoji, ya nuna hanyar da tsari ke iya fitowa sannu a hankali. Yadda nake gaya wa yara a aji, tankaɗe ne: 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya, ba duka ke rayuwa ba, yanayi shi ne rariya, wanda ya wuce shi ke haihuwa. Mu da muka sha kulorokwin muna yara mun ga wannan da idonmu. Da ƙwaya kaɗan ke kwantar da zazzaɓi, daga baya ka shanye kati guda jiki na rawa, har gwamnati ta canza magani. Ƙwayoyin cutar da suka jure su suka hayayyafa. Wanda ya ce maka babu wannan, bai yi jinya ba.

Amma inda littattafan makaranta ba sa zuwa, kuma a ganina nan ne asalin amsarka, shi ne rigimar kujera. A Ingila ta lokacin, cocin gwamnati ke riƙe da Oxford da Cambridge. Sai a 1871 aka soke dokar da ta sa dole ka amsa aƙidar cocin kafin ka riƙe muƙami a cikinsu. Da yawa daga masu binciken tsirrai da duwatsu limamai ne da ke yi a lokacin hutu. Sai ga samari irin su Huxley, masanin dabbobi, ba gata ba gado, ya dawo daga tafiyar bincike a teku ya yi shekaru yana neman aikin da zai ci abinci da shi. A 1864 su tara suka kafa ƙungiya a Landan, suna haɗuwa cin abinci wata-wata, suna shirya wa zai hau wace kujera. Ɗaya daga cikinsu, Tyndall, ya tsaya a Belfast a 1874 ya ce za su ƙwace dukan bayanin asalin duniya daga hannun malaman addini. A shekarar ce wani masanin kimiyya a Amurka, Draper, ya fitar da littafin da ya yaɗa cewa kimiyya da addini tun fil azal yaƙi suke, maganar da masana tarihi na yau ba su yarda da ita ba. Ɗan'uwan Darwin, Galton, har ƙidaya ya yi a 1872, wai sarakunan da ake yi wa addu'a a kowane coci ba su fi kowa tsawon rai ba. Kamar ana auna addu'a da mudu.

Ban ce hujja ba su da ita ba, suna da ita. Na ce dai akwai albashi da iko a cikin zancen. Kuma a zamanin nan nasu Faraday, uban wutar lantarki, dattijo ne a cocinsu, Maxwell, babban masanin fiziks, mai ibada ne, Mendel da za ku haddace dokokinsa na gado fadan coci ne da ke shuka wake a lambun gidan ibada. Shi kansa Darwin, abin da ya fi karya shi mutuwar 'yarsa ce mai shekara 10 a 1851, kuma a wata wasiƙa ta 1879 ya rubuta cewa bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba.

Lokacin da abin ya ishe ni, na tafi wajen malamin da na yi karatun tauhidi a zaurensa. Na same shi bayan la'asar yana fere alƙalami, na zube masa komai, har da Laplace. Bai ɗago ba sai da ya gama. Ya ce, “Malam ƙarami, wuta ce ke ƙona auduga?” Na ce e. Ya ce, “To ashe karatun bai zauna ba.” Ya tuna mini abin da muka biya a littattafan Sanusi, hukuncin al'ada: muna ganin wuta ta taɓa auduga, muna ganin toka, kullum haka, kuma wajibi ne mu yi aiki da hakan, kada wani ya kai fitila rumbun auduga ya ce tawakkali. Amma haɗuwar biyun kullum ba ita ce mai yi ba. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, da wannan misalin ya yi jayayya da masana falsafa, Ibn Rushd ya mayar masa da martani daga Andalus. Sai malam ya ce abin da har yau nake juyawa: wanda ya ajiye Allah a inda bai gane ba kaɗai, ranar da ya gane sai ya rasa inda zai sa shi, shi kuwa bai taɓa neman sa a gurbi ba, domin wanda aka gane da wanda ba a gane ba duk aikinsa ne. Dattijon da bai san Newton ba ya kama kuskuren Newton yana zaune a buzu.

Daga baya na gano malaman Musulunci sun yi wannan muhawarar tun Darwin na da rai. Jamaluddin Afgani ya rubuta raddi mai zafi ga dahriyawa a Indiya a 1881. Husaini Jisr na Tarabulus ta Labanan kuwa a 1888 ya ce in har hujja ta tabbatar da sauyin halittu, ba zai rushe imani da Mahalicci ba, hanya ce daga hanyoyin halittarsa.

Ba zan yi maka rufa-rufa ba, akwai inda ƙaya take: Annabi Adamu. Kimiyya ba ta ce biri ya haifi mutum ba, kada ka maimaita wannan a gaban malaminku ya yi maka dariya. Cewa ta yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka mai nisa, kuma hujjojin ƙasusuwa da na ƙwayoyin gado ba na wasa ba ne. Ni ina riƙe da nassi a kan Adamu, ina kallon halittarsa kamar haihuwar Annabi Isa ba uba, yadda aya ta 59 a Ali Imrana ta haɗa su: mu'ujiza ce, ɗakin gwaji ba shi da ma'aunin tabbatar da ita ko kore ta. Dahri zai ce zillewa na yi. Na sani. Wasu tambayoyin har yau a aljihu nake yawo da su, kuma ban fasa sallah ba. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne bidiyoyin nan masu lanƙwasa kowace aya ta dace da binciken bana. Binciken bana yana iya canzawa baɗi, ka ga an koma gidan jiya, kuskuren Newton da rawani.

Wata shekara, a jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, na tambayi bambancin ra'ayin Lamarck, wani Bafaranshe da ya riga Darwin maganar sauyin halittu, da na Darwin. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari ya ja layi a kan tambayar, ya rubuta a'uzu billahi da manyan baƙaƙe. Na ba shi sifiri a wurin. Washegari mahaifinsa ya zo har ofis da zafinsa, wai ina koya wa yara kafirci. Na ba shi kujera, na tambaye shi: Alhaji, malamin da ya karantar da abin da Fir'auna ya faɗa, ya zama Fir'auna? Ya yi shiru, ya ce a'a. Na ce to tambayar cewa ta yi me Darwin ya ce, ba ta ce yaro ya yi shahada da shi ba. Bai gamsu duka ba, amma ya bar yaron ya zauna jarrabawar. Ni ma na koyi wani abu: daga shekarar, kafin in buɗe babin nan sai na ɓata darasi guda a kan bakanike da fulogi.

Saboda haka kada ka bar kwas ɗinka. Ka karanta babin har ka iya bayaninsa fiye da wanda ya yarda da shi ido rufe. Sannan ka sami malaminku a ofis, ba a gaban aji ba, ka tambaye shi wanne yake nufi, ƙa'idar aiki ko aƙida. In ya ce ta farko, ku yi musafaha. In ya ce ta biyu, ka roƙe shi ya nuna maka gwajin da aka yi aka gano ta. Ka dai yi da ladabi, makinka na hannunsa.