Yaya za mu sa 'yan sa-kai su zauna a ƙungiyarmu ta binciken kimiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 'yan tsiraru ne da muka kafa ƙungiyar binciken kimiyya a wajen jami'a, muna bin diddigin ra'ayoyin da manyan masana ba su cika waiwaya ba. Mun yi shelar neman 'yan sa-kai, mutane da dama suka amsa, amma bayan makonni kaɗan sai muka koma mu kaɗai kamar yadda muka fara. Me za mu yi domin ƙungiyar ta bunƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga yadda ka zayyana lamarin, ina zaton kun kira mutane ne su zo su saurari ra'ayinku, alhali abin da ke riƙe ɗan sa-kai shi ne aikin da aka ɗora masa. Wanda ya zo ya gyaɗa kai ya tafi, babu abin da zai sa ya dawo, amma wanda aka damƙa wa aiki ƙarami mai iyaka, ya san akwai masu jiran sakamakonsa, da wuya ya ɓace ba tare da sallama ba.

A shekarar 2007 masu nazarin sararin samaniya a Jami'ar Oksfod da ke Ingila sun tarar da hotunan gungun taurari kusan miliyan ɗaya a gabansu, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko goma. Sai suka buɗe wani shiri a intanet mai suna Galaxy Zoo, suka roƙi jama'a su yi abu guda kawai: mutum ya dubi hoto, ya faɗi ko gungun yana da murɗaɗɗun hannuwa ko kuwa dunƙulalle ne kamar ƙwai. Ba a nemi kowa ya zo da digiri ba. A cikin wannan shekarar wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ɗaya daga cikin 'yan sa-kan shirin, ta hango wani baƙon abu mai haske a gefen wani gungu, ta tambayi ko mene ne, kuma masanan ba su yi watsi da tambayarta ba. Suka juya manyan na'urori wajen, aka raɗa wa abin sunanta, aka kuma sa ta cikin marubutan rahoton. Ka lura da abu biyu a nan, wato ƙanƙantar aikin da kuma mutunta wanda ya yi shi. Haka ma ƙidayar tsuntsaye da Frank Chapman ya faro a Amurka a 1900 da mutum 27 kacal, har yau ana yin ta duk shekara, domin kowa ya san ranar, ya san yankinsa, ya san abin da zai rubuta.

Sai dai ƙungiya irin taku tana da wata matsala ta daban, kuma gara in faɗa maka ita ba tare da kwana-kwana ba. Masu bin ra'ayin da aka ƙi sukan so su tara waɗanda suka riga suka yarda, su riƙa tuna wa juna cewa an yi wa Alfred Wegener dariya a 1912 da ya ce nahiyoyi suna motsi. Gaskiya ne an yi masa, ya kuma rasu a 1930 ba a karɓi maganarsa ba, amma abin da ya wanke shi a shekarun 1960 awon da aka yi a ƙarƙashin teku ne. A ɗaya gefen kuma, a 1989 Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a Jami'ar Yuta cewa sun samar da makamashi ta haɗewar ƙwayar zarra ba tare da tsananin zafi ba, duniya ta ɗauka, amma da manyan ɗakunan gwaji suka maimaita aikin ba su samu abin da aka yi shela ba. Saboda haka ɗan sa-kai mafi amfani a gare ku shi ne mai shakka, wanda zai karɓi littafin gwajinku, ya ga kwanan wata da sa'a da irin na'urar da kuka yi awo da ita, ya maimaita komai a ɗakinsa, ya dawo ya ce lissafinku bai fita ba. Idan kuka ɗauke shi abokin gaba, masu hankali za su janye a hankali su bar ku da 'yan amshin shata.

Wani hanzari ba gudu ba, idan bincikenku ya taɓa magani ko lafiyar jiki, kada ku yarda wani ɗan sa-kai ya gwada komai a jikinsa ko a jikin wani.

Kafin ku sake yin shela, ku zauna ku rubuta ayyuka uku ko huɗu da sabon zuwa zai iya kammalawa cikin mako guda, ku naɗa mutum ɗaya da zai amsa masa cikin kwana biyu idan ya kawo sakamako, kuma ku sa sunan sabon zuwan a rahoton ko da abin da ya samo ya saɓa wa abin da kuke fata.